Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Tarihin Gari, a Tattara Abin da Dattawa Suka Sani

Shekara goma sha ɗaya ke nan muna wannan aiki a garinmu, wani tsohon ƙauye mai ganuwa a ƙasar Kano, kuma garuruwan maƙwabta da dama sun kira ni na taya su farawa. Duk inda na je, abin da ake fara tambayata shi ne wa za a naɗa shugaba, wane suna kuma za a sa wa ƙungiya. Mu ma da haka muka fara. Mun kwashe wata tara muna ja-in-ja a kan tsarin mulki da kuɗin wata-wata, a cikin watannin nan Allah ya karɓi ran tsohon sarkin maƙeranmu, mutum na ƙarshe da ya ga ana narka tama a bayan gari da idonsa. Ko kalma ɗaya ba mu ɗauka daga bakinsa ba, har yau kuwa abin yana ci mini rai. Shi ya sa a nan na sa dattawa a gaba, takardun ƙungiya suka koma can ƙarshe.

Kayan da za ku tanada

Waya mai ɗaukar murya da kyau ita ce uwar kayan. Ba sai mai tsada ba, amma a gwada ta tukuna a ji ko maganar mutumin da ke nesa da taku biyu tana fita. Awa ɗaya ta murya a tsarin MP3 takan ci wajen megabait 60, don haka katin memori mai gigabait 32 zai kai ku nesa. Bidiyo kuwa yana cinye wuri da caji, ga shi yana sa tsofaffi su takura, ku bar shi sai inda ake nuna aikin hannu kamar ƙira ko kaɗi. A haɗa da fawa-bank cike da caji, da filashi guda biyu, in da mai kwamfuta a cikinku to madalla.

Sai manyan littattafan rajista guda biyu masu kauri, ɗaya na lissafin hirarraki da kayan da aka gani, ɗaya na kuɗi. Kowane mai hira ya riƙe ƙaramin littafinsa da biro. Fensir kuma na ranar da za a zauna kusa da tsofaffin takardu ne, don tawada ba ta da gyara in ta ɗiga. A nemi akwatin ƙarfe mai makulli da manyan ambulan.

Kada a manta da abin gaisuwa: goro, sabulu, sukari, ɗan turare. Ba a shiga wurin tsoho hannu rabbana.

Mutane kuwa biyar zuwa bakwai sun isa farawa. A cikinsu lallai a sami mata aƙalla biyu, da wanda ya iya karatun ajami da Larabci, da malamin makaranta wanda hannunsa ya faɗa da rubutun Hausa, da matashin da ya san kan waya. Idan babu mai ajami a cikinku, ku roƙi wani alaramma ko na'ibin liman ya riƙa zama da ku ranar da ake buƙata.

1. Gaisuwar dagaci da liman

Kafin ku ɗauki muryar kowa, ku je fada ku gaida dagaci, ku faɗa masa abin da kuka ƙudura da harshe mai sauƙi: "Ranka ya daɗe, so muke mu adana abin da iyayenmu suka sani kafin ya ɓace." Ku bi masu unguwanni da liman haka nan. In liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, rabin wahalarku ta ƙare, domin mutanen ƙauye suna da dalilin tsoron baƙon da ke yawo da littafi yana tambayar sunayen gidaje da gonaki. Kakanninsu sun san abin da ya biyo bayan irin wannan rubutu a zamanin haraji da jangali.

Ku karɓi albarkar fada, amma kada ƙungiya ta zama ta fada. Dagaci uba ne, a ba shi matsayin uban ƙungiya. Akwatin ajiya da littafin rajista kuwa su zauna a wani wuri da kowane gida zai iya zuwa ba tare da jin nauyi ba, kamar makarantar firamare. Haka kuma kada ku bari ɗan takara ya ɗauki nauyinku a shekarar zaɓe, rabin gari zai rufe muku ƙofa.

2. Jera sunayen waɗanda za a ji ta bakinsu

Ku zauna zama ɗaya ku rubuta duk wanda ya haura shekara saba'in, unguwa-unguwa, maza da mata. Sannan ku sake jera su, mafi tsufa da mafi rauni a sama. Wanda yake kwance yau shi ne na gobe da safe, muddin yana iya magana kuma iyalinsa sun yarda.

Kuskuren da kowa yake yi shi ne tsayawa a gidan sarauta da gidan malamai. Su sun san jerin sarakuna da limamai, amma tarihin gari ya fi haka faɗi. Ku nemi sarkin maƙera, sarkin fawa, sarkin aska, sarkin noma, tsofaffin marina da masaƙa, fataken da suka yi Gwanja ko Ikko, tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa, direban da ya fara shigo da mota gari, ardon Fulanin da ke maƙwabtaka da ku. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da kirari da take, a cikin kirarin nan kuwa ake samun sunayen da kowa ya manta. Wanzami zai gaya muku tsagen kowane gida da inda masu shi suka fito.

Mata kuwa ku ba su rabin jerin. Tsohuwar ungozoma ta san wanda ya girmi wani a garin kaf. Matan da aka auro daga wasu garuruwa su ne suka san zumuncin da ya haɗa ku da maƙwabta. Waƙoƙin niƙa da daka da na kai amarya a bakinsu suke. Mata 'yan ƙungiya ne za su shiga cikin gida, bayan an nemi izinin mai gida.

3. Shirya ma'aunin shekaru

Tsoho ba zai ce maka an haife shi a 1938 ba. Zai ce "ina ɗaukar allo aka naɗa sarki wane", ko "shekarar fara aka yi mini aure". Don haka ku rubuta takarda guda mai ɗauke da abubuwan da aka san shekarunsu, kowane mai hira ya liƙa ta a bangon littafinsa. Tamu ga abin da ke cikinta: basasar Kano 1893 zuwa 1895, zuwan Turawa Kano da Sakkwato 1903, isowar jirgin ƙasa Kano 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar mura 1918, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, samun mulkin kai 1960, kisan Sardauna 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, fari na 1973, kisan Murtala da fara karatun firamare kyauta 1976, soke haraji da jangali a Kano 1979, rikicin Maitatsine 1980. Muka ƙara da zamanin sarakuna: Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, Muhammadu Inuwa 'yan watanni a 1963, sannan Ado Bayero zuwa 2014.

Kowace ƙasa da nata. Bakatsine zai sa Sarki Dikko, 1906 zuwa 1944, da Usman Nagogo har 1981. Basakkwace zai sa yaƙin Satiru 1906 da Sarkin Musulmi Abubakar na uku, 1938 zuwa 1988. Mutanen Nijar za su sa 'yancin kai na 1960, juyin mulkin Kunce na 1974, da yunwar 1984 da ake kira El-Buhari. Da tafiya ta yi tafiya za ku ƙara na garinku: shekarar gobarar kasuwa, shekarar da rijiyar masallaci ta rufta, shekarar da aka gina firamare.

Idan kuka ci karo da shekarar Hijira a takarda, ku ninka ta da 0.97 ku ƙara 622. Misali 1321 za ta ba ku 1903. Lissafin kan iya kaucewa da shekara guda, amma ya isa aiki.

4. Zaman hira

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Lokacin da ya fi shi ne daga bayan kaka zuwa ƙarshen rani. Da damina kowa yana gona, wanda ba ya iya zuwa ma hankalinsa yana can. A cikin yini kuwa, hantsi ko bayan la'asar. A kauce wa ranar kasuwa. Ku je ku biyu, ɗaya yana tambaya, ɗaya yana lura da waya yana rubuta sunaye da wuraren da aka ambata. Zuwan farko gaisuwa ce kawai da neman rana, kada ku zaro waya.

Ranar hira ku zauna cikin zaure ko ɗaki, nesa da injin niƙa da janareto. Iskar hunturu tana lalata ɗauka fiye da yadda kunne yake ji a lokacin. Ku ɗora wayar a kan hula ko naɗaɗɗen zane kusa da mai magana, kada a riƙe ta a hannu. Sannan ku kashe layin wayar gaba ɗaya. Na taɓa zama awa biyu da wani tsohon baduku yana ba ni labarin yadda ake kai jar fata kasuwar Kurmi a kan jakuna, ashe kira ya shigo tun a minti na shida ya tsayar da ɗaukar. Da na koma bayan mako guda ya yi mini haƙuri ya maimaita, amma na biyun bai kama ƙafar na farkon ba, ya taƙaita, waƙar da ya rera ma bai sake ta ba. Tun daga ranar, mai lura da waya yana duba ta duk bayan minti goma.

Da an kunna, mai tambaya ya faɗi ranar da wurin da sunan mai magana da sunayen waɗanda ke zaune. Sannan ya nemi izini a cikin ɗaukar: "Baba, ka yarda mu ɗauki maganarka mu ajiye, 'ya'ya da jikoki su ji?" In ya ce akwai abin da ba ya so a fitar sai bayan ransa, a rubuta haka, a kuma cika alkawari.

Kada ka buɗe da "Baba, ba mu tarihin garin nan." Zai ba ka labarin minti biyar da kowane yaro ya sani, ya ce shi ke nan. Fara da shi kansa. A wane gida aka haife ka? Wa ya yi maka kaciya, ku nawa ne a ɗakin? Ina kuke ɗebo ruwa kuna yara? Me aka biya sadakin auren farinka, da wane irin kuɗi? Wa ke da gidan da ke jikin naku a lokacin, ina zuriyarsa suke yanzu? Daga ƙananan tambayoyin nan manyan labarai suke fitowa da kansu. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Sau da yawa abin da ya fi daraja yana zuwa ne bayan tsoho ya sunkuyar da kai ya ɗan jima.

Akwai tambaya guda da ba na barin kowace hira ta wuce ba a yi ta ba: "Wannan da idonka ka gani, ko wa ya gaya maka?" Malaman hadisi sun riga mu sanin darajar isnadi. Labarin da mutum ya ji daga kakarsa wadda ta gudu cikin ganuwa ranar da mahara suka zo, nauyinsa daban da wanda ya ji a rediyo ko ya karanta a littafin makaranta. Duka biyun a ɗauka, amma a rubuta daga inda kowanne ya fito.

Ku riƙa tafiya da wani tsohon abu a aljihu. Wata rana 'yan ƙungiyarmu mata sun zauna da wata tsohuwa da ta dage ita ba ta san komai ba, wai tarihi na maza ne. Ɗayarsu ta ciro mazari ta miƙa mata, ta ce, "Iya, yaya ake riƙe wannan?" Tsohuwar ta juya shi a tafin hannu, ta nemi a ba ta alli ta shafa a yatsu, ta murza shi a kan 'yar fata kamar jiya ta ajiye. Daga nan ta kama waƙar kaɗi, ta faɗi gidajen masaƙan da suke sayen zarenta, da yadda ta tara kuɗin tasoshin 'yarta, da shekarar da aka fara kai auduga fuloti zare ya yi tsada. Awa ɗaya da rabi ba ta tsaya ba. Anini mai huda, kuɗin wuri, tsohuwar takardar haraji, akushi, duk suna yin wannan aiki.

Kada ka gyara wa tsoho magana ko da ka san ya kauce. Kada ka ce "amma wane ya ce". Kada kuma a wuce awa ɗaya da rabi, gara a dawo sau uku. Hirar taron dattawa a gindin bishiya tana da daɗi, tana kuma tuno wa wani abin da ya manta, sai dai mai babbar murya ko mai sarauta shi yake rinjaye, sauran su bi shi da "haka ne". Ku fara jin kowa shi kaɗai, taron ya zo daga baya.

Idan babu waya ko caji ya ƙare, kada a fasa. Mutum biyu su rubuta, da an fito a zauna nan take a haɗa rubutun kafin a kwana.

5. Aikin daren ranar

A daren nan za a sa wa ɗaukar suna: lamba, sunan mai magana, kwanan wata. A kwafa ta wuri biyu. A shigar da ita rajista da layi uku ko huɗu na abin da ke ciki. Wanda ya ce sai gobe, bayan wata biyu zai tarar da ɗauka arba'in marasa suna a wayarsa.

Juyar da murya zuwa rubutu aiki ne mai cin rai, awa guda takan ci awa biyar ko shida. A rubuta yadda mutum ya faɗa, da karin harshensa. In ya ce "shina" kada a mayar "yana", in ta ce "ɗiya" kada a mayar "'ya". Kalmar da ba ku gane ba ku ja mata layi ku koma ku tambaya, don irin waɗannan kalmomi su kansu tarihi ne. In hannu ya yi kaɗan, a fara da jerin abin da aka faɗa minti-minti, cikakken rubutu ya jira. Ɗaliban sakandare suna iya wannan aiki lokacin hutu in an zauna da su sau biyu an nuna musu.

6. Idan ruwayoyi suka saɓa

Za su saɓa, babu makawa. Gida biyu kowanne zai ce kakansa ne ya sari garin. Kusan ko'ina za ka ji maharbi ne ya fara sauka a gindin wata kuka ko tsamiya, ko kuwa mutanen sun taso daga gabas. Ku rubuta yadda aka faɗa, sannan ku bi da tambayoyin da ƙasa za ta iya shaida: wace kukar, tana nan? Wace rijiya ya haƙa? Ina kabarinsa? Wa ke zaune a gidansa yau?

Jerin sarakuna yana da nasa tarko. Akan tsallake wanda aka tuɓe ko wanda bai daɗe ba, akan mayar da wa da ƙane su zama uba da ɗa, "shekara arba'in" kuwa sau da yawa tana nufin ya daɗe ne kawai. Ku gwada da lissafin haihuwa: tsakanin uba da ɗa a ƙiyasta shekara talatin. In an ce sarakuna shida ne uba da ɗa, amma garin ya shekara dubu, to akwai abin da ya faɗi a hanya.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a narka ruwayoyi biyu a fitar da guda mai daɗin ji. A rubuta "gidan wane sun ce kaza, gidan wane sun ce kaza, takardar da muka gani ta ce kaza." Ƙungiya ba kotu ba ce. Ranar da kuka yanke hukunci a kan wanda ya fi cancantar sarauta ko mai asalin wata fadama, ranar kuka zama ɓangare a rigima, za a kuma nemi a ja littafinku gaban alƙali.

Akwai kuma maganganun da ke iya raba aure. Asalin bauta shi ne babba. Tsofaffi sun san gidajen da kakanninsu suka zo a matsayin bayi, wani zai faɗa maka da sunaye. Bauta ta faru, rinji da kasuwar bayi suna cikin tarihin ƙasar nan, bai kamata a share su ba. Amma sunan gidan da jikokinsa ke raye ba ya fita daga akwati. Haka zancen gidajen da suka yi bori ko tsafi kafin su bari, da zancen cikin shege, da tsohuwar gaba ta kisa. Mu muna da ambulan dabam da muke rubuta wa "a rufe", mutum biyu ne kawai suke buɗe shi.

7. Zaga gari da ƙafa

Ku ɗauki dattijo ɗaya ko biyu masu sauran ƙarfi, ko a goya su a babur, ku bi gari. Inda ganuwa ta bi da sunan kowace ƙofa, kufai, karofi, maƙera, tsofaffin rijiyoyi, zangon fatake, burtali, tsohuwar makabarta, inda kasuwa take kafin ta tashi. A kowane wuri a ɗauki hoto, a ɗauki bayanin a tsaye a wurin. Ku zana taswira a babban kwali da sunayen unguwanni da gonaki da tafkuna yadda mutane suke kiransu. Sunaye irin su Unguwar Barebari, Tudun Maƙera ko Rijiyar Fatake sun riga sun ba ku rabin labari.

In kun ga katangar tukwane ko kashin tama a kufai, ku ɗauki hoto ku bar su a inda suke. Haƙa aikin masana ne, wanda ya tona da fartanya ya ɓata shaidar har abada.

8. Takardu da hotunan gidaje

A gidajen malamai akwai gafaka cike da takardu, wani lokaci da wasiƙun sarakuna, da takardun gado, da inda wani malami ya rubuta haihuwa da mutuwa a bayan littafi. Kada ku nemi a ba ku. Ku roƙi a buɗe a gabanku, ku ɗauki hoto shafi-shafi a inuwa mai haske, ba tare da fitilar waya ba, da hannu wankakke busasshe. Takardun ba a ɗinke suke ba, don haka kada a sauya jerinsu. Kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane in wani ya ɓata.

Kada a manna salatif a inda ya yage, kada a kai a rufe tsohuwar takarda da leda mai zafi, duka biyun kashe ta suke yi sannu a hankali. A shawarci masu ita su ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da danshi. Tsofaffin hotuna kuwa, a tambayi sunan kowa da ke ciki tun da sauran mai gane su. In za a tura hoto ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage masa kyau har rubutun ya ƙi karantuwa.

9. Tafiya gidajen adana tarihi

Wannan sai kun yi kamar shekara kuna jin ta bakin mutanenku, lokacin kun san abin da kuke nema. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa suke, akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai ta Waziri Junaidu. Mutanen Nijar su nufi gidan adana takardu na ƙasa a Yamai da cibiyar binciken tarihi da al'adu, wato IRSH, ta Jami'ar Abdu Mumuni.

Ku tafi da takardar gabatarwa daga dagaci ko hakimi, ku tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a bakin ƙofa. Ku nema da sunan gunduma da lardin da kuke ciki a wancan zamani. Garin da ke Jigawa yau a lardin Kano za a same shi, na Zamfara a lardin Sakkwato. Ku gwada rubuta sunan garinku ta hanya uku ko huɗu, don Turawa sun rubuta yadda kunnensu ya ji. Abin da ya fi amfani shi ne rahotannin ƙiyasin haraji, masu ɗauke da sunayen ƙauyuka da dagatai da yawan mutane da dabbobi da sana'o'i. Amma ku tuna ta bakin tafinta da mutanen hakimi Bature ya ji, kuma mutane suna ɓoye kansu da shanunsu ranar ƙirga. Takardarsa ruwaya ce guda a cikin ruwayoyi. In kuɗin mota ya gagara, ku nemi ɗan garinku da ke karatu a Zariya ko Kaduna ku ba shi jerin abin da zai duba.

10. Mayar wa gari abinsa

Mutane suna gajiya da masu zuwa su ɗauka su tafi. Kowane tsoho da aka yi hira da shi, a kai wa iyalinsa kwafin muryarsa a memori ko a tura wa jikansa. Na ga magidanci ya fashe da kuka da ya ji muryar mahaifiyarsa shekara biyu bayan rasuwarta, tana faɗin ranar da ta haife shi.

Sau ɗaya a shekara a yi ranar tarihin gari. Mu muna yi kwana biyu bayan babbar Sallah, lokacin 'yan birni suna gida. Ana aro kayan da daga gidaje a shimfiɗa a aji biyu na firamare: akushi da ƙoshiya, taskira, kwari da baka, fitilar aci-balbal, sulalla da aninai. Kowane abu da takardar sunan mai shi, a rubuta a rajista, a mayar a ranar kafin magariba. Abu ɗaya ya ɓata, baɗi ba mai ba ku aro. Ana kunna zaɓaɓɓun muryoyi a lasifika bayan an nemi izinin masu su, maƙeri ya hura zuga-zugi yara su gani, tsofaffin mata su koya wa 'yan mata gaɗa. Jawabin manyan baƙi a taƙaita shi, in ba haka ba rana za ta faɗi tsofaffi ba su yi magana ba.

Tsakanin shekara kuma, a riƙa fita da 'yan aji biyar da shida zagayen ganuwa, a ba kowane yaro aikin gida ya tambayo kakarsa sunayen iyayenta da garin da aka auro ta. A kira gayya a share tsohuwar rijiya ko a kewaye abin da ya saura na ganuwa, a roƙi dagaci ya hana ɗibar ƙasarta don yin tubali.

11. Rajista, kuɗi da ajiya

Yanzu ne lokacin takardu. Shafi biyu sun isa tsarin mulki: shugaba, magatakarda, ma'aji, mai ajiya, da wa'adin kowa. A yi rajista a ƙaramar hukuma. Ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, sai in za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ko ku nemi tallafi. Kuɗin wata-wata ya zama kaɗan yadda ba zai kori kowa ba, 'yan garin da ke birni su ɗauki nauyin memori da kuɗin mota, ma'aji kuma ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zama.

A rubuta a tsarin mulkin cewa duk abin da aka tara na gari ne, kuma kwafi uku ake ajiyewa a wuri uku: ɗaya a akwatin ƙungiya, ɗaya a hannun wani amintacce a wani garin, ɗaya a intanet ko a ɗakin karatu na jami'a mafi kusa in sun yarda su karɓa. Filashi da memori suna mutuwa ba sallama, don haka duk bayan kaka a fito da su a kunna a ji, a sake kwafa a sabo duk shekara biyu ko uku. Rubutattun hirarraki a buga su a takarda, a sa a ambulan, a ɗora akwatin a kan benci nesa da bango, a riƙa buɗe shi ana dubawa a tsakiyar damina lokacin da gara take tashi.